*DARASIN LAFIYA: TATTAKI A BAKIN RUWA TARE DA IYALI*



Darasinmu na yau a kan magani ne wanda ba a sayar da shi a kyamis, ba a jiƙa shi, ba a turara shi. Ƙafafuwanka biyu ne kayan haɗinsa. Muna nufin tattaki, musamman irin wanda maigida zai ɗebi iyalinsa su fita gefen gari ko bakin ruwa, su zaga a hankali su dawo. Darasin yana da ɗan tsawo, don haka a ajiye shi a waya, a karanta a natse. Akwai amfani a ciki, akwai kuma gargaɗi, musamman ga masu yara.

*1. ME YA KAWO WANNAN MAGANA?*

Iyayenmu da kakanninmu ba su san wani abu wai shi "motsa jiki" ba, don rayuwarsu gaba ɗaya motsi ce. Da ƙafa ake zuwa gona, da ƙafa ake cin kasuwar Mai'adua ran Lahadi daga ƙauyuka, mata kuma ga daka, ga surfe, ga jan ruwa a rijiya. Yau fa? Mutum zai je masallacin da ke bayan layinsu sai ya hau babur. Ɗan kasuwa ya wuni zaune a shago, ma'aikaci a ofis, direba a bayan sitiyari. Uwargida kuma injin niƙa ya ɗauke mata daka, ga waya a hannu. Abinci ya ƙaru da mai da suga da gishiri da ɗanɗano, motsi ya ragu. Shi ya sa hawan jini da ciwon suga da tumbi da ciwon gwiwa suka shigo gidajen da a da ba a san su ba.

Likitocin zamani sun daɗe da gano wannan. A shekarar 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremi Moris ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan manyan motocin bas masu hawa biyu na birnin Landan. Direba yana zaune duk wuni, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobi nesa ba kusa ba. Daga wannan bincike ne masana suka fara ɗaukar zama wuri ɗaya a matsayin abin da ke jawo cuta.

*2. ABIN DA TATTAKI YAKE YI A CIKIN JIKI*

*Zuciya da jini:* idan kana tafiya, naman sharaɓarka yana matse jijiyoyin ƙafa, yana tura jini sama zuwa zuciya. Shi ya sa mai yawan zama ƙafarsa take kumbura da yamma. Tafiya a kai a kai tana sa hanyoyin jini su saki, zuciya ta riƙa aiki ba da wahala ba, awon jini ya ɗan sauka.

*Suga:* naman jiki idan yana aiki yana zuƙe suga daga cikin jini ya ƙona shi, kuma yana sa jiki ya fi jin sinadarin insulin. Saboda haka tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin tuwo ko shinkafa tana rage tashin da suga yake yi bayan abinci.

*Gaɓoɓi:* guringuntsin gwiwa ba shi da hanyar jini tasa, daga ruwan da ke cikin gaɓar yake samun abincinsa, ruwan nan kuwa sai an motsa yake zagayawa. Mai ciwon gwiwa da ya daina tafiya kwata-kwata, gwiwar ƙara sandarewa take yi.

*Ciki:* tafiya tana motsa hanji. Masu fama da taurin bahaya, wanda shi ne yake tayar wa mutane da yawa basir, su haɗa tattaki da shan ruwa da cin ganye irin su zogale da rama da kuka.

*Barci da damuwa:* hasken safe da iskar waje suna daidaita lokacin barci. Ganin ruwa da itatuwa yana kwantar da hankali. Matar da ta yi wata guda ba ta ga komai ba sai bangon gida da hayaƙin murhu, ita ma tana da haƙƙin wannan iskar.

*3. MAGABATA BA SU BAR MU A DUHU BA*

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) yakan ziyarci masallacin Ƙuba duk ranar Asabar, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa. Tsakanin masallacinsa da Ƙuba kuwa ya kai kimanin kilomita 3. Ya kuma zo a ruwayar Abu Dawuda cewa ya yi tsere da matarsa Nana A'isha (RA) a halin tafiya, ta wuce shi a karon farko, bayan shekaru shi ma ya wuce ta. Ka ga ke nan fita da iyali a motsa jiki ba baƙon abu ba ne, ba kuma zubar da girma ba ne.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya yi bayanin motsa jiki a sashen magani na littafinsa Zadul Ma'ad. A taƙaice ya nuna cewa motsi yana narkar da ragowar abin da abinci ya bari a jiki, cewa matsakaici shi ne mai amfani ba wanda zai galabaitar da mutum ba, kuma motsi mai ƙarfi sai abinci ya faɗa. Ya kuma kawo shawarar likitoci cewa mutum ya ɗan taka bayan abincin dare, ko da taku ɗari ne, kada ya ci ya kwanta nan take. Wannan ya yi daidai da abin da muka faɗa a sama: tafiya a hankali bayan abinci, sassarfa kuma sai ciki ya yi sauƙi.

Maniyyata aikin Hajji da Umara su ƙara lura. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai, sau bakwai ɗin nan, ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da zuwa jifa. Wanda bai saba wa ƙafarsa tun daga gida ba, a can zai gane kurensa.

*4. NAWA NE YA ISA?*

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce:

• Baligi: minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako. Mafi sauƙin lissafi, minti 30 sau biyar a mako.
• Yara daga shekara 5 zuwa 17: kimanin awa ɗaya kullum.
• Masu shekara 65 zuwa sama: daidai da na baligi gwargwadon iko, da ƙarin abin da zai ƙarfafa tsayuwa don gudun faɗuwa.
• Mai juna biyu da ba ta da wata matsala: minti 150 a mako.

Yaya za ka gane tafiyarka ta kai "matsakaici"? Idan numfashinka ya ɗan ɗaga, jiki ya yi ɗumi, kana iya hira amma ba za ka iya jan dogon karatu da murya ba tare da ka tsaya shan iska ba, to ka kai. Idan magana ma ta gagara, ka wuce gona da iri, sassauta.

Wasu suna tambaya a kan taku 10,000 da waya take ƙirga musu. Wannan adadi ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku a ƙasar Japan a 1965, ba wahayi ba ne. Wani bincike da aka yi a Amurka a kan mata tsofaffi, aka buga a 2019, ya nuna amfani yana bayyana tun daga taku 4,400 a rana, yana ƙaruwa har wajen 7,500. Don haka Hajiya kada ki karaya don wayarki ta nuna 3,000. Ƙara 500 a kai, mako mai zuwa ki sake ƙarawa. Sannu ba ta hana zuwa.

*5. INA ZA MU JE?*

A manyan biranen duniya akan gina wurin shaƙatawa a gefen tafki, a shimfiɗa hanyar ƙafa ta zagaye ruwan. Mu a nan Allah Ya hore mana namu ba da tikiti ba. Akwai dam ɗin Sabke a nan ƙasar Mai'adua, akwai na Daberam ta wajen Daura, ga fadamu da lambunan masu noman rani, ga tafkunan da damina take bari a gefen ƙauyuka. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa da gangara mai wahala, tsoho da yaro duk za su iya.

Amma dam ba abin da za a ce sai an zagaye shi ba ne da yara. Ga yadda ake tsara zagaye mai sauƙi:

*Na ɗaya,* maigida ya fara zuwa shi kaɗai ko da aboki ya ga hanyar. Ya tambayi masunta da masu lambu: ina ne ruwa yake da zurfi, ina ne laka take cin ƙafa, ta ina shanu suke saukowa shan ruwa, da wane lokaci.

*Na biyu,* a zaɓi zagayen da bai wuce kilomita 2 zuwa 3 ba. A tafi ta hanyar da ke kallon ruwa, a dawo ta hanyar gonaki, a ƙare inda aka ajiye mota ko babur. Baligi yana cin kilomita ɗaya a minti 12 zuwa 15, da ƙananan yara kuwa sai a lissafa minti 20 zuwa 25. Idan babu hanyar zagaye, a duba agogo: minti 20 tafiya, a juyo.

*Na uku,* a sa alamar wurin hutu biyu, inuwar bedi ko gawo ko tsamiya.

*Na huɗu,* wanda ya fi kowa rauni shi ne ma'aunin sauri. Babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya, yara a tsakiya. Yara su kasance ta ɓangaren tudu, manya ta ɓangaren ruwa.

*Na biyar,* a bar tazara tsakanin hanya da bakin ruwa. A nisanci wurin da ruwan dam yake malala idan ya cika, da wurin injinan jan ruwa.

*Na shida,* a faɗa wa wani a gida inda aka nufa da lokacin dawowa. A tafi da rana tsaka-tsaki cikin mutane, ba wurin da babu kowa ba.

Tafiyar za ta zama makaranta ga yara in an so. Nuna musu balbela a bayan shanu, zalɓe yana tsaye da ƙafa a ruwa yana dakon kifi, shamuwa idan damina ta kusa. Su bambance goriba da giginya, su ga yadda ake ban ruwan albasa da tumatir da tattasai. Yaro da yawa a cikin gari yana cin albasa bai taɓa ganin ta a ƙasa ba.

*6. LOKACI DA GUZURI*

*Bazara, daga Maris zuwa Mayu:* zafi yakan haura digiri 40. A fita bayan sallar Asuba a dawo kafin ƙarfe 8, ko kuma bayan La'asar sakaliya. Tsakar rana haramiyar tattaki ce a wannan lokaci.

*Hunturu:* wannan ne lokaci mafi daɗi, amma ranar da hazo ya yi kauri masu asma da tsofaffi su zauna gida ko su sa takunkumi. A bari rana ta ɗan fito. A shafa man kaɗe ko basilin a ƙafa saboda kaushi da faso.

*Damina:* ruwa ya cika, ciyawa ta rufe hanya, gaɓa tana zaftarewa. Da an ga hadari ya haɗo a koma. Kada a fake ƙarƙashin itace tilo ko a tsaya bakin ruwa ana tsawa.

*Azumi:* a yi bayan buɗa baki da ɗan lokaci, ko gajeren tattaki dab da Magariba a cikin gari.

A kowane lokaci a bar bakin ruwa kafin faɗuwar rana, don da almuru sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro yake fara fitowa.

Guzuri: ruwan sha daga gida, aƙalla rabin lita zuwa lita ɗaya ga kowane babba. Takalmi rufaffe mai laushin ƙasa, ba silifas ba, saboda ƙarangiya da tsidau da fasassun kwalabe. Malafa ko laima. Tufafi marasa nauyi, mata su zaɓi hijabi mai sauƙin yadi wanda ba ya jan ƙasa. Dabino, gyaɗa, aya ko kankana sun fi lemon kwalba. Sanda a hannun maigida, da leda ta kwaso shara.

*7. BABBAN GARGAƊI: TSARGIYA*

'Yan uwa a karanta wannan sashen sau biyu. Mun ce a je bakin ruwa, ba mu ce a shiga ruwa ba.

Tsargiya, wato fitsarin jini, cuta ce da ta yi katutu a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, musamman garuruwan da ke kusa da dam da tafki da magudanan noman rani. Wani likita Bajamushe, Tiyodor Bilharz, shi ya gano tsutsar da ke kawo ta a birnin Alƙahira a 1851. Ga yadda take yawo:

Mai ɗauke da cutar ya yi fitsari a ruwa ko bakinsa. Ƙwayayen tsutsar da ke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wasu ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyayin ruwa. A can suke hayayyafa, bayan makonni su fito dubbai suna iyo, ido ba ya ganin su. Sun fi fitowa da hantsi zuwa tsakar rana, daidai lokacin da yara suka fi son wanka. Da sun taɓa fatar mutum sai su huda su shige, ba sai da rauni ba, ba kuma sai an sha ruwan ba. Wanka, wanki, alwala, kamun kifi, ko tsoma ƙafa kawai ya isa. A cikin jiki tsutsar takan girma ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai, ƙwan nan su ne suke yi wa mafitsara rauni.

*Alamomi:* ƙaiƙayi a fata bayan an fito daga ruwa, daga baya zazzaɓi da kasala, bayan wata biyu zuwa uku kuma jini a ƙarshen fitsari, da zafi wajen yin sa. Yaro ya rame, jininsa ya yi ƙasa, karatu ya ja baya.

A wasu ƙauyuka har yau ana ɗaukar jan fitsari ga yaro namiji alamar balaga ce. Wallahi ba haka ba ne, cuta ce. Idan aka bar ta shekaru tana iya toshe hanyar fitsari, ta taɓa ƙoda, ta kai ga sankarar mafitsara. Ga mata kuma tana taɓa al'aura da mahaifa, ta kawo ƙaiƙayi da zubar ruwa da jini da ciwo wajen saduwa, har ta iya shafar haihuwa. Mata da yawa suna ta shan maganin "sanyi" shekara da shekaru, alhali tun suna yara suke wanki a tafki. Wadda wannan ya yi kama da halinta ta faɗa wa likita tarihin shigarta ruwa.

*Magani:* a je asibiti a yi gwajin fitsari. Maganinta ƙwaya ce da aka rubuta Praziquantel a jikin kwalinta, ana bayarwa gwargwadon nauyin mutum ko tsayinsa, a sha bayan an ci abinci. Shi ne kuma ake rabawa yara kyauta a makarantu lokaci zuwa lokaci. Dan Allah idan an zo rabon kada a hana yara karɓa. Jiƙo da sassaƙe ba sa kashe wannan tsutsa. Kuma wanda ya warke ya koma ruwan, za ta sake kama shi.

*Rigakafi:* a tafi da ruwan alwala a buta daga gida. Wanda dole ta sa yake amfani da ruwan dam don wanka, ya tafasa shi ya huce, ko ya ajiye shi a mazubi mai tsabta kwana biyu, tsutsar ba ta wuce haka a raye in ba ta samu jiki ba. Masu lambu da masunta su sa dogon takalmin roba. Kuma a tuna hanin da ya tabbata a Bukhari da Muslim game da yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. Da kowa zai kiyaye wannan hani ɗaya, da zagayen cutar ya yanke daga tushe.

*8. NUTSEWA DA SARAN MACIJI*

Duk damina sai mun ji labarin yaron da ruwa ya ci a kududdufi ko dam. Bakin ruwa yana yaudara: taku biyu iya gwiwa, na uku rami. Kuma yaron da yake nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake zato, shiru yake tafiya, cikin abin da bai kai minti biyu ba. Don haka yaro ƙasa da shekara biyar hannunsa yana cikin na babba. Kada a ba wa yaro tsaron yaro. Kada a tsaya ɗaukar hoto a bar su a baya.

Idan wani ya faɗa, wanda bai iya ruwa ba kada ya bi shi, sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. A yi kururuwa a kira masunta, a miƙa sanda ko rawani ko igiya, a jefa jarka marar komai mai murfi. Idan an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska ta baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30 ana hura iska sau 2, har ya farfaɗo ko a isa asibiti. Kada a ɓata lokaci wajen juya shi ƙasa ko danna ciki wai a fitar da ruwa. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti.

Maciji kuma, musamman kububuwa, yana son ciyawa da gindin duwatsu da tarin kara. A bi hanyar da ƙafa ta riga ta taka, yara kada su tura hannu rami. Idan tsautsayi ya faɗa: kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a kai shi babban asibiti inda ake da allurar dafin maciji. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum zai iya zama garau a farko, jini ya ɓalle daga baya. Kada a ce a jira a gani.

*9. MASU LALURA TA MUSAMMAN*

*Hawan jini:* tattaki abokin magani ne, ba madadinsa ba. Kada a ajiye ƙwaya sai likita ya ce. Ranar da awo ya kai 180 bisa 110 ba ranar tattaki ba ce, ranar ganin likita ce.

*Ciwon suga:* mai yin allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da suga sosai kada ya fita da yunwa. Ya riƙe dabino ko suga a aljihu. In ya ji rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri ko yunwa farat ɗaya, ya zauna ya ci dabino biyu zuwa uku, ko ya sha suga cokalin shayi uku a ruwa. Ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kafin fita da bayan dawowa, don ƙaya tana iya shiga bai ji ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo.

*Ciwon gwiwa da ƙiba:* a fara da minti 10 a ƙasa mai tauri, ba yashi mai zurfi ba. Ɗan tsamin jiki ba komai, amma in gwiwa ta kumbura a huta kwana biyu a rage nisa.

*Mai juna biyu:* ta tambaya a wajen awo tukuna. In ta ga jini, ko ruwa ya fashe, ko ciwon mara, ko jiri, ta tsaya a nufi asibiti.

*Kowa da kowa:* ciwon ƙirji ko nauyi a ƙirji, numfashi ya gagara, gani ya dushe, ɓarin jiki ya saki, baki ya karkace, waɗannan a tsaya nan take a nemi asibiti. Wanda zafi ya buga, ya rikice ko jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a garzaya da shi.

*10. TSARIN MAKO HUƊU GA MAI FARAWA*

• Mako na 1: minti 10, kwana biyar, a unguwa. Zuwa masallaci da ƙafa ya shiga lissafi.
• Mako na 2: minti 15 zuwa 20.
• Mako na 3: minti 25, a sa sassarfa ta minti biyar a tsakiya.
• Mako na 4: minti 30. A ƙarshen makon a fita da iyali zagayen bakin ruwa.

Fita bakin ruwa sau ɗaya a mako ko a wata ce, sauran kwanakin a unguwa ake cike su. 'Yar uwar da ba ta samun fita kullum ta zaga tsakar gida minti 10 bayan kowane abinci, sau uku ya zama minti 30. Maigida kuma a ji tsoron Allah a sama mata lokaci. Lafiyarta lafiyar gidan ce.

*11. LADUBBAN WURI*

A yi wa masu lambu sallama, kada a taka musu kwami, kada yara su tsinki abin da ba a ba su ba. A ba wa shanu hanya. Kada a taɓa koma ko kwalekwalen masunta. A kewaya tun daga gida, kada a ɓata hanya ko inuwar da mutane suke hutawa, shi ma an hana. Ledar ruwa da robobi a dawo da su gida, dabba in ta haɗiye leda tana iya mutuwa. In an ga ƙaya ko kwalba a hanya a kawar, sadaka ce.

Aikin wannan mako: kowa ya gwada minti 10 gobe bayan Asuba ko bayan abincin dare. Iyaye kuma a tambayi yara maza a asirce, cikin lallashi, ko suna ganin jini a fitsari, don da yawansu kunya take hana su faɗa. Wanda aka samu a kai shi gwaji cikin makon nan.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mana zuri'a. A tura wa 'yan uwa da abokan arziki, musamman waɗanda ke zaune kusa da dam ko tafki.